Dokokin aikin malamin kwaleji mai koyar da ɗaliban sakandare a Amurka

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Teksas ya rubuto cewa yana da digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta daga wata jami'a a Najeriya, kuma wata kwaleji mai shekara biyu ta yi masa tayin aikin koyarwa na wucin gadi. Darussa biyu ne na lissafi, za a riƙa yin su a cikin wata makarantar sakandare, ga ɗaliban da ba su kammala ba tukuna. Yana so ya san wa zai zama ubangidansa a wannan aiki, ko sai ya nemi lasisin koyarwa na jiha, da kuma abin da ya kamata ya bincika kafin ya sa hannu.

Amsa: Malam, tsarin da aka gayyace ka cikinsa, wato rajista biyu, shi ne wanda ɗalibi ke da rajista a wuri biyu a lokaci guda, wato a sakandare da kuma kwaleji, ya ɗauki darasi ɗaya a lissafa masa shi a takardar kammala sakandare, a kuma rubuta masa shi a takardar sakamakonsa ta kwaleji. Ya bambanta da IJMB da muka sani a gida ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello, domin ita sai an gama sakandare ake shigarta, alhali a nan yaron yana tsakiyar sakandaren ne. Jihar Minesota ce ta fara yi wa tsarin doka da ta game jiha baki ɗaya a 1985, kuma ƙididdigar gwamnatin tarayya ta nuna cewa a shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 ɗalibai kusan miliyan 2.5 ne ke cikinsa, har sun kai kusan ɗaya cikin biyar na masu rajista a kwalejoji masu shekara biyu. A Teksas kuwa, dokar da majalisar jiha ta zartar a 2015 ta cire iyakar yawan darussan da ɗalibi zai iya ɗauka, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan aji 9 da 10, wato shekaru biyun farko na babbar sakandare a can, saboda haka kada ka yi mamaki idan ka tarar da ɗan shekara 14 zaune a gabanka yana neman makin kwaleji.

Ginin da ake yin darasi a cikinsa ba shi ke nuna ubangidanka ba. Darasin rajista biyu yana zuwa ta hanyoyi daban-daban: wani lokaci ɗalibi ne ke tafiya harabar kwaleji ya zauna da manya, wani lokaci malamin sakandaren da ya cika sharuɗɗa ne kwaleji ke amincewa ya koyar da darasinta alhali albashinsa na fitowa daga hukumar makarantun gunduma, wani lokaci kuma kwaleji ce ke tura malaminta zuwa sakandare. Naka shi ne na ƙarshen. Kwaleji ce ta ɗauke ka, ita za ta biya ka, shugaban sashen lissafi ne zai duba aikinka, kuma ita kaɗai ke da ikon sallamarka. Amma tsakanin kwalejin da hukumar makarantun akwai rubutacciyar yarjejeniya wadda dokar jiha ta wajabta, kuma a cikin irin waɗannan yarjejeniyoyi akan ba shugaban makaranta damar ya nemi a janye malami daga harabarsa. Ba zai iya korarka daga aiki ba, amma idan darussanka biyu duka a makarantarsa suke, janyewar da kora kusan abu ɗaya ne a aljihunka. Don haka abu na farko da za ka nema shi ne kwafin wannan yarjejeniya. Takarda ce ta hukumomin gwamnati, ba sirri ba ce, kuma a ganina malamin da bai karanta ta ba ya karɓi aikin da rabin ƙa'idojinsa ke rubuce a inda bai taɓa dubawa ba.

Batun takardun karatunka ne zai fi ɗaukar lokaci, kuma a nan ne nake jin za ka iya cin karo da cikas. Kwalejojin Teksas galibi suna ƙarƙashin hukumar tantancewa ta SACSCOC, wadda jagorarta ta daɗe tana cewa mai koyar da darasin da za a iya kai makinsa jami'a ya kasance yana da digiri na biyu a fannin da yake koyarwa, ko kuma digiri na biyu a wani fanni tare da aƙalla kiredit 18 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin darasi) na matakin gaba da digirin farko a fannin koyarwar. Dokokin Teksas sun ce malamin rajista biyu ya cika sharaɗin da ake nema ga mai koyar da darasin a harabar kwaleji, ba a rage masa komai don ɗalibansa yara ne. Kai digirinka na kimiyyar kwamfuta ne, darasin kuma na lissafi, saboda haka za a buɗe cikakkiyar takardar sakamakonka a ƙirga darussa ɗaya bayan ɗaya, a ga ko waɗanda za a iya kira lissafi sun kai 18. Darasi uku ko huɗu masu ƙamshin lissafi ba za su isa ba, domin a lissafin Amurka kiredit 18 kusan darussa shida ne masu kiredit uku-uku.

Kafin ma a kai ga ƙirgar, sai takardunka na Najeriya sun bi ta hannun kamfanin da ke tantance digirin ƙasashen waje, irin su WES da takwarorinsa na ƙungiyar NACES. Ka nemi tantancewar da ke bin kowane darasi daki-daki, domin wadda ke cewa kawai digirinka daidai yake da digiri na biyu na Amurka ba ta nuna adadin kiredit, kuma adadin ne ake nema. Wannan yakan buƙaci jami'arka ta aika da takardar sakamako kai tsaye, kuma duk wanda ya taɓa bin irin wannan takarda daga nesa ya san a fara da wuri ya fi. Idan ƙirgar ba ta kai ba, hanya biyu ce a gabanka: ka nemi a ba ka darussan kwamfuta, inda takardarka ta wadatar, ko ka koma jami'a ka cike giɓin. Kwaleji tana da damar ta kafa hujja da ƙwarewar aiki ko wasu takardun shaida, amma sai ta rubuta hujjar ta ajiye a fayil ɗinka, kuma a darussan lissafi da ake kaiwa jami'a ba kasafai suke son bin wannan hanya ba.

Wannan sharaɗi na kiredit 18 ya taɓa girgiza wani ɓangare na ƙasar. A 2015 hukumar HLC mai hedkwata a Shikago, wadda a lokacin ke tantance manyan makarantu a jihohi 19, ta bayyana cewa za ta tsaurara shi daga Satumban 2017, sai aka gano cewa ɗimbin malaman sakandare masu koyar da darussan kwaleji, musamman a Indiyana da Minesota, digirinsu na biyu na fannin ilimin koyarwa ne, ba na tarihi ko lissafi ko kimiyyar da suke koyarwa ba. An yi ta ƙara wa'adi, jihohi suka zuba kuɗi don malamai su koma karatu, har a ƙarshen 2023 hukumar ta sassauta, ta bar wa kowace kwaleji ta tsara ma'auninta ta kuma kare shi. Na kawo wannan ne don idan ka ji wani abokinka a wata jiha ya ce shi ba a tambaye shi kiredit 18 ba, ka san cewa hukumarsa daban, taka daban.

Lasisin koyarwa na jiha kuwa, a ƙa'ida ba a nemansa daga malamin kwalejin da ke koyar da darasin kwaleji, ko da a ajin sakandare yake tsaye, domin darasin ba na sakandaren ba ne. Abin da ba za a ɗaga maka ƙafa a kansa ba shi ne binciken tarihin laifi. Za a ɗauki hoton yatsunka a bincika a rumbun jiha da na FBI, kuma binciken da kwaleji ta yi lokacin ɗaukarka ba lallai ya gamsar da hukumar makarantu ba. Ka tambaya wa zai biya kuɗin, ka kuma yi shi da wuri, don ba za a bar ka ka shiga aji ba sai sakamakon ya fito.

Tare da wannan akwai nauyin kai rahoto, wanda nake so ka ɗauke shi da muhimmanci fiye da komai a wannan amsa. Dokar Teksas ta ɗora wa duk mutumin da ke da dalilin zargin cewa ana cin zarafin yaro ko ana sakaci da shi ya kai rahoto ga hukumar kare yara ko 'yan sanda, kuma a kan malamai nauyin ya fi tsanani: faɗa wa shugaban makaranta ba ya sauke shi daga wuyanka, kai da kanka za ka kai. Sannan wata dokar jihar ta 2019 ta wajabta wa ma'aikatan manyan makarantu su sanar da jami'in da ke kula da ƙorafin cin zarafi na jinsi duk abin da suka gani ko suka ji na irin wannan da ya shafi ɗalibi, kuma wanda ya ɓoye da gangan hukuncinsa kora ne, har ana iya gurfanar da shi. Tarbiyyarmu ta a bar kaza cikin gashinta, a kira iyaye gefe a sasanta, ba ta da gurbi a nan. Haka ma hulɗa da ɗaliban: kada ka ɗauki ɗalibi a motarka, kada ka zauna da ɗaya shi kaɗai a ɗaki rufe, kada ka ba da lambar wayarka ko ka buɗe musu zauren WhatsApp, ka tsaya ga adireshin imel na kwaleji da dandalin darasi, inda komai ke barin sawu.

Sai maganar kuɗi da sa'o'i, wadda ita ce aka fi yin shiru a kanta lokacin tayi. Malamin wucin gadi ana biyansa ne a kan kowane darasi, zango-zango, kuma dokar ƙwadago ta tarayya ta cire malamai daga cikin masu haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci, don haka duk sa'ar da ta ƙaru a kanka kyauta ka yi ta. Darasi mai kiredit uku a kwaleji kusan sa'a uku ne a mako na tsawon mako 15 ko 16. Sakandare kuwa tana tafiya ne da ƙararrawa, kwana biyar a mako, a shekarar da ta kai kusan kwana 180, tana buɗewa kafin kwaleji, hutunta ma ba lallai ya zo ɗaya da na kwalejin ba. Ka tambaya a rubuce: kwana nawa za ka zo a mako, wa ke zama da ɗaliban a ranakun da ba ka nan, kalandar wa za a bi idan sun saɓa, me zai faru da darasin ranar da aka kwashe yara zuwa jarrabawar jiha ko taron wasanni, kuma ko za a biya ka kuɗin mai daga kwaleji zuwa makarantar. Idan ba ka da lafiya kuma, malamin riƙo na sakandare zai iya zama da yaran, amma ba zai iya koyar da darasinka ba, tunda bai cika sharaɗin kwaleji ba.

Akwai dalilin da ya sa aka tsaya a darasi biyu, ko aka ce ba za ka wuce uku ba. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ɗora wa manyan ma'aikatu su ba duk mai aikin sa'a 30 a mako inshora, kuma a 2014 hukumar haraji ta IRS ta amince a lissafa wa malamin wucin gadi sa'a 2.25 a kan kowace sa'a ɗaya ta aji, a ƙara da sa'o'in ofis da tarukan da aka wajabta masa. Darussanka biyu sa'a 6 ne a aji, wato sa'a 13.5 a wannan lissafi. Mai darasi huɗu ya kai sa'a 27, idan aka ƙara sa'o'in ofis ya taɓa 30, shi ya sa kwalejoji da yawa ke tsayar da malami kafin nan. Ka kuma tabbatar ko darussan sakandaren suna shiga wannan ƙirga tare da duk wani darasi da za a ba ka a harabar kwaleji, domin ubangida ɗaya ne. Ka karanta sakin layin da ke magana a kan soke darasi: yawancin takardun ɗaukar wucin gadi suna ba kwaleji damar soke aji idan ɗalibai ba su kai adadi ba, ko ta miƙa shi ga malami na dindindin da nasa darussan ba su cika ba, ko da saura kwana kaɗan a fara.

A nan ne zamanka a Teksas ke da tasiri. Dokar jihar ta hana ma'aikatan gwamnati ƙulla yarjejeniyar gama-gari ta hannun ƙungiyar ƙwadago, don haka kariyarka ita ce takardar ɗaukarka da littafin ƙa'idojin malamai na kwalejin, ba wani abu ba. A Kalifoniya lamarin daban ne. Dokar 2015 da ta kafa haɗin gwiwar kwalejoji da sakandare a can ta buƙaci ɓangarorin biyu su tabbatar a rubuce cewa malamin kwalejin da aka tura bai raba wani malamin sakandare da aikinsa ba, malamin sakandaren da aka amince da shi ma bai raba na kwaleji da nasa ba, kuma an kiyaye yarjejeniyoyin ƙungiyoyin malamai. Jihar ta kuma taƙaita malamin wucin gadi ga kashi 67 cikin ɗari na nauyin malami na dindindin. Kai ba ka da irin wannan katanga, saboda haka duk alkawarin baki da shugaban sashe ya yi maka, ka bi shi da imel ka nemi ya tabbatar.

Inda na ga malamai sun fi shiga tsaka mai wuya shi ne wajen ba da maki. Makin da ka rubuta yana shiga takardar sakamakon kwaleji ta dindindin, zai bi yaron zuwa jami'a, zai kuma iya shafar cancantarsa ga tallafin karatu na tarayya daga baya. A lokaci guda sakandare tana buƙatar maki na lamba, sau da yawa duk mako shida ko tara, kuma a Teksas 70 ne makin cin darasi a sakandare, alhali kwaleji na iya ɗaukar abin da ke tsakanin 60 da 69 a matsayin ci mai rauni. Ɗalibi ɗaya, aiki ɗaya, zai iya cin darasin a kwaleji ya faɗi a sakandare, idan yarjejeniyar ba ta faɗi yadda za a juya makin ba, kuma idan darasin na cikin sharuɗɗan kammalawarsa ne, za ka ga mai ba ɗalibai shawara a bakin ƙofarka. Ƙari a kan haka, tun 2023 Teksas ta ɗaura wani kaso na kuɗin da take ba kwalejoji masu shekara biyu a kan sakamako, kuma ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne yawan 'yan sakandaren da suka kammala kiredit 15. Ba ina nufin wani zai ce maka ka ƙara maki ba, amma kowa a kewayenka yana da dalilin son yaran su ci. A sakandare an saba da sake jarrabawa da karɓar aikin da ya makara; a darasinka ƙa'idar da ke cikin manhajar da ka raba ranar farko ce ke aiki. Ka rubuta ta filla-filla, shugaban sashe ya amince da ita, ka kuma sanar da ɗalibin da ke tangaɗi tun kafin ranar ƙarshe ta janyewa daga darasi, domin janyewa a kan lokaci ta fi masa faɗuwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Iyaye za su nemi ganinka, kuma a nan dokar FERPA ta 1974, mai kare sirrin bayanan karatun ɗalibai, ta zo da abin da ke ba mutanenmu mamaki. Haƙƙin bayanan karatu yana komawa hannun ɗalibi idan ya cika 18 ko kuma ya shiga babbar makaranta, ko shekarunsa nawa. Ke nan ɗan shekara 15 da ke ajinka shi ke da iko da bayanansa na kwaleji, kuma uba ba zai kira ka ya ce ka karanta masa makin ɗansa ba. Doka ta bar wasu ƙofofi: kwaleji da sakandare suna iya musayar bayanan ɗalibin, iyaye kuma suna da haƙƙin ganin abin da ya iso fayil ɗin sakandare muddin yaron bai kai 18 ba, sannan kwaleji na iya bayyana wa iyayen da yaron ke ƙarƙashinsu a takardar haraji. Amma wannan hukuncin ofishin rajista ne, ba naka ba. Ka karɓi uban da mutunci, ka bayyana masa ƙa'idojin darasi gaba ɗaya, ka tura shi ga jami'in da ke haɗa makarantun biyu, ko ka nemi ɗalibin ya sa hannu a takardar izini.

Ɗalibai masu buƙata ta musamman ma doka biyu ce ke kansu. Shirin da sakandare ta tsara wa yaro zai iya rage masa yawan aiki ko ya sauƙaƙa abin da ake tambayarsa, amma darasin kwaleji yana ƙarƙashin dokar 1973 da ta 1990 masu hana wariya ga naƙasassu, waɗanda ke ba da sauƙi irin ƙarin lokacin jarrabawa ko ɗaki marar hayaniya ba tare da an canza ainihin darasin ba. Takardar da za ka yi aiki da ita ita ce wadda ta fito daga ofishin kwaleji.

A lissafi ba za ka sha fama da rigimar abin da ya dace yara su ji ba, kamar yadda malaman adabi da tarihi ke sha, don haka ba zan tsawaita a kai ba. Littafi da manhaja da nauyin jarrabawa su zama daidai da na harabar kwaleji, shi ke nan. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne aron suna. Wani lokaci akan nemi malami mai takardu ya yarda a rubuta sunansa a matsayin mai darasi, alhali wani da bai cika sharaɗi ba ne ke koyarwa kullum. Manufar SACSCOC a kan rajista biyu tana sa ran wanda sunansa ke kan darasi shi ne mai koyarwa da ba da maki, kuma idan bincike ya zo, sa hannunka za a gani.

Ba ka faɗi matsayin zamanka a ƙasar ba. Idan kana da katin zama na dindindin ko takardar ɗan ƙasa, babu abin da ya rage sai cike fom ɗin tabbatar da izinin aiki. Idan bizar aiki ta H-1B gare ka, tana ɗaure ne da ubangidan da ya nema maka ita, kuma koyarwa a kwaleji, ko da darasi ɗaya ne, aiki ne na biyu da ke buƙatar tasa takardar neman izini kafin ka fara. Kwalejoji ba sa cikin ƙayyadadden adadin bizar na shekara, amma kaɗan ne ke ɗaukar wannan ɗawainiya saboda malamin wucin gadi. Idan kuma bizar ɗalibi ce, ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arka da takardar tayin a hannu, su duba ko izinin da kake da shi ya game wannan aiki da wannan wuri, kafin ka mayar wa kwalejin da amsa.